Shekarar da Aka Share Mini Gona

Yau kwana goma sha ɗaya rabonmu da ruwa. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa kayan shanya, mata su hau kwashe tsaba, sai ya zarce ya bar mu muna kallon sama. Jiya da hantsi na dogara sandata na lallaɓa gona. Na durƙusa da ƙyar, na ɗaga karan da ke kwance tsakanin layukan waken suya, na tura yatsa cikin ƙasa. Da sauran danshi. Na koma gindin aduwa in huta, kuma a nan zaune wata damina ta dawo mini, ta shekara ashirin da ɗoriya, lokacin da zamana da ɗiyana ya dogara a kan gonar nan.

Sunana Habsu. Ni haifaffiyar wajen Mayahi ce, aure ya kawo ni wani ƙauye kudu da Maijirgi. Maigidana ya rasu da bazara, zazzaɓin kwana huɗu, ya bar ni da ɗiya mata biyu, babbar tana da shekara shida, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Kafin in fita takaba damina ta yi nisa, geron mutane ya kai gwiwa. Kwana uku da fitata Yaya Isuhu ya aika aka kira ni zaure. Wan maigidana ne, shi ke riƙe da gandun gidan, kuma ba a musu da shi.

"Kin fita lafiya, Allah shi jiƙan shi," in ji shi. "To, abin da aka saba shi za a yi. Ki koma gidanku ki huta, in Allah ya kawo wani mijin ki yi aure. Ɗiya kuwa namu ne, nan za su zauna wurin matata."

Na ce, "Yaya, ba inda za ni."

"Mi za ku ci? Gandun da kike gani ko mu bai kai mu kaka."

"A ba ni gona."

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba, shi ma ya sani, tun ina amarya muke gwabzawa a kan abu kaɗan. Can ya ce akwai fakon bakin kwari, in ina so in ɗauka. Ya ba ni damina biyu, wadda muke ciki da mai zuwa. In na fidda abin da zai riƙe ni da ɗiya, in zauna, ba mai ce mini tak. In ban fidda ba, in tafi da girmana, ba faɗa. Na ce na ji, na yarda.

Wanda bai san fakon nan ba zai ce an yi mini alheri. Ƙasa ce ja mai tauri, sumul kamar daɓen ɗaki. In aka yi ruwa ba ya shiga, sai ya gangara kwari ya bar ta tana ƙyalli. Ko akuya ba ta tsayawa a wurin. Shi Yaya Isuhu ba mugunta ya nufa ba, so yake in gwada in gaji da kaina, don kada a ce ya kori matar ƙanensa.

Sana'ata awara ce. In jiƙa waken suya, in kai inji, in tace, in tafasa, in zuba ruwan tsami ya kama, in matse a ƙyalle ƙarƙashin dutse, in yanka in soya, in kai kasuwa da ƙofar lakwal, makarantar boko. Amma waken daga Najeriya ake kawo shi, kafin ya iso hannuna ya cinye ribar. Na daɗe ina cewa da zan noma abina da na huta. Wata ranar kasuwar Tasawa na ga malamin gona tsaye wurin masu iri, riƙe da babur ɗinsa, na tare shi na tambaye shi ko waken suya zai yi a ƙasarmu. Ya ce akwai mai saurin nuna, yana yi inda ruwa ke ɗan kwanciya. Da na kwatanta masa fakona sai ya girgiza kai.

"Ba bana ba," in ji shi. "Ki fara da waken gida mai yaɗo. In ya yi ki tsinke ƴaƴan, amma harawar kada ki naɗe ta. Ki bar ta kwance ta rufe ƙasa har wata damina. Gara za ta huda miki wurin."

Na ce, "Malam, garar da muke kora?"

"Wala, ita ɗin."

Ban yi masa musu ba, don na taɓa gani da idona. Inda muke jingine damin harawa a bayan ɗaki, in aka ɗauke shi, ƙasar wurin takan yi laushi da ƴan ramuka, alhali gefenta sai da gatari. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin zai yi amfani a gona ba.

Haka na shiga fakon nan da kalme, ina sara rami ɗaya-ɗaya. Tafin hannuna ya yi ƙulli, ya fashe, ya sake yi. Kashin awakina biyu nake tarawa a ƙwarya in bi ramukan da shi. Waken ya fito, ya yi jinkiri, sannan ya kama ya yi yaɗo har ya haɗe. Ƴaƴan ba su taka kara sun karya ba, abin da na tsinka bai wuce na miya da ɗan dafawa ba. Da kaka kowa ya naɗe harawarsa ya hau da ita kan ɗaki da kan itace, ni tawa tana kwance tana bushewa. Mata masu wucewa ɗaukar itace sukan tsaya su ce, "Habsu, ko ciwon baya ne? A turo miki masu naɗi?" In ce musu lafiyata ƙalau. Awakina suna kuka a turke ina ba su dusar awara, harawa kuwa ga ta can jibge a daji. Ni kaina wani lokaci nakan ji abin bai yi kama da hankali ba.

Kafin a saki dabbobi cikin gonaki na yi kwanaki ina sarar ƙaya ina ja, na kewaye wurin kaf. Har yau akwai tabon a ƙwaurina. Wani Bafillace da ke sauka kusa da kwarin duk rani, na kai masa awara da yaji na roƙe shi ya riƙa kauda shanunsa, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai gadin busasshen ganye ba, amma ya riƙe alkawari. Duk sharar gida, ɓawon gyaɗa, guntun kara, tsohuwar tabarma, can nake kai su. Wata bakwai ina wannan tsaro. Zuwa tsakiyar bazara, in na ɗaga harawar, sai in tarar da gara ta yi hanyoyi a ƙarƙashi, ƙasar da kalme ke tsalle a kanta har tana karɓar farce. Na samo irin waken suya tiya uku na ƙulle a tulu na liƙe bakin.

To, a garinmu gonar kirki ita ce wadda aka share tas. In bazara ta yi nisa kowa ya fita sassabe, a tattara kara da ciyawa da duk abin da ke kwance, a cinna wuta, ƙasa ta fito fes tana jiran ruwa. Da haka ake gane manomi. Wanda aka ga tarkace a gonarsa ana gab da shuka, ko rago ne ko ba shi da kowa.

Wata rana ina dawowa daga kasuwar Tasawa da azahar, zafi kamar ya tsaga kai, mota ta sauke ni bakin hanya. Sai na hango hayaƙi ta wajen kwari. Na san ba mai gona a can sai ni. Ban bi ta gida ba, na yanki daji da robar awara a ka.

Maza ne sun kai goma, ƴan gidanmu da maƙwabta, kowa da manjagara, gumi na zuba. Yaya Isuhu ya kira gayya. Sun janye ƙayata sun tara, sun ja harawar tsibi-tsibi, wuta tana ci tana ƙara. Kashi biyu cikin uku na gonar ya riga ya zama toka. Matar Yaya Isuhu har ta kawo musu fura ta ajiye a inuwa. Da suka gan ni fuskokinsu suka washe, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da zuwa. Kin ga yau mun hutar da ke."

Ban san lokacin da na jefar da robar ba. Na ratsa ta cikin tokar da zafinta, na je kan abin da ya rage, na zauna daram. Na ce duk wanda zai ja wannan sai ya haɗa da ni.

Yaya Isuhu ya matso, manjagara a kafaɗa. "Habsu, kanki ɗaya kuwa? Mutane sun bar aikinsu don ke."

"Wa ya ce ku zo?"

"Ni na ce. A ƙofar masallaci ana yi da ni, wai na bar matar ƙanena da juji, ba mai share mata. Ba a yi mini wagga magana sau biyu."

Na ce masa abin da suka ƙona wata bakwai na yi ina tsaronsa, shi ne takina, shi ne inuwar ƙasata. Ya ce shi tun yana ɗan yaro yake noma, bai taɓa jin an shuka abu cikin shara ba. Sauran suka yi cirko-cirko, wasu suna sunkuyar da kai. Ban tashi ba har suka sha furarsu suka watse. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne don Allah suka yi. Da mugunta ce da na sami wanda zan zaga. Da la'asar na wanke ƙafa na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya na yi musu godiya, don haka ake yi.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana goma sha, mai yawa, har kwari ya ɗauka. Wurin da aka ƙone ya koma tsirara, ba yadda za a yi da shi sai an fasa. Yaya Isuhu ya yi sabuwar garmar shanu a shekarar, yana ji da ita, ya ce zai kifa mini ƙasar. Na karɓa, don ba ni da ƙarfin sara duka da hannu kafin danshi ya gudu. Ya bi ta sau ɗaya, ya sake bi a gicciye, sai da ta yi laushi kamar garin tuwo. Ya tsaya daidai bakin harawata ya juya shanunsa. Ni kuwa a ɓangarena sungumi kawai na sa, ina buɗe harawar ina sara ɗan rami, in jefa iri uku in rufe da ƙafa a hankali, don malamin ya ce waken suya ba ya son zurfi kuma ba ya son a danne shi.

Gaskiya ɗaya ce, wajen garma ne ya fara fitowa. Kwana biyar ya tsiro layi-layi, kore shar, gwanin sha'awa. Nawa na cikin harawa sai leƙowa yake nan da can, wani gyare ya yanke, wani ya rasa ta inda zai ɓullo. Mutane suna wucewa suna nuna wa juna. Yaya Isuhu ya ce wa matarsa, a inda ya san zan ji, da ban yi taurin kai ba da duk gonar haka take. Ni ma na fara tunanin ko na yi wauta. Ga noman ciyawa, hauya ba ta tafiya cikin harawa, tana sarƙewa. Kowa yana tura tasa a tsaye yana wucewa, ni ina duƙe ina cira da hannu. Kunama ta harbe ni a yatsa sau biyu a wurin, na ɗaure da ƙyalle na ci gaba, ina tsine mata da malamin gona gaba ɗaya.

Sai wata la'asar iska ta taso gaban hadari, mai ƙarfi, ta kwashi ƙasar da garma ta niƙe tana watsa wa tsiron, ganyen ya yi huji-huji ya ƙone a gefe. Bayanta ruwa ya sauko da duka, na sa'a guda. Washegari da rana ta fito, wajen garma ya yi ɓawo, ya shafe sumul, ruwan ya bar hanyoyi inda ya gangara kwari da ƙasar. A cikin harawa kuwa ban ga inda ruwa ya gudu ba, ya shige. Daga wannan ruwan sama ta rufe bakinta.

Mako ɗaya ba wanda ya damu. Mako na biyu gero ya fara naɗe ganye da hantsi. A na uku aka fita roƙon ruwa bayan gari, maza da yara, aka yi sadakar gumba. Rana takan fito fara fat, ƙasa ta ɗauki zafi har ba a iya taka ta ba takalmi. Rumbuna sun yi ƙasa, a gidaje da yawa an koma cin abinci sau ɗaya. Mu kwaɗon tafasa muke yi da ɗan ƙuli-ƙuli, ranar da aka samu garin rogo a jiƙa. Awara ma na rage yi, don masu saye ba su da abin saye. Nakan zuba wa ɗiya nasu in ce na ci nawa a madafa. Yanzu jikokina sukan duba waya su ce mini jibi za a yi ruwa, wani lokaci ma a yi ɗin, kuma in abu ya yi tsanani akwai mai turo ɗan abin cefane daga Maraɗi. A lokacin sai dai ka dubi gabas ka dubi tururuwa.

Wajen garma ya fara mutuwa daga tsakiya. Da rana ganyen ya kife ya nuna farin bayansa, da safe ya ɗan farfaɗo, wata safiyar kuma bai farfaɗo ba. Na tsaya ina kallon kashi biyu cikin uku na gonata yana tafiya, na lissafa abin da zai rage, na ga ba zai kai ni ko'ina ba. Na dawo gida na dubi darnin karan da ya kewaye ɗakina, wanda marigayi ya kafa da hannunsa. Na ɗauko wuƙa na yanke igiyoyin. Matar Yaya Isuhu ta fito tana salati, ta ce, "Habsu, mace ta zauna ba darni? Kowa ya wuce ya gan ki?" Na ce su gan ni, ba abin da na sata. Dami-dami na riƙa ɗauka a ka, na fasa ɓawon ƙasar da kalme a gindin layukan da ke da sauran rai, na shimfiɗa karan. Da darni ya ƙare na cire tsohon bunun rumfar girki. Layi tara na rufe, sauran ba ni da abin rufa musu.

Ana cikin haka wata safiya na tarar da Yaya Isuhu a gonar, ya riga ni zuwa. Yana tsugune daidai inda garmarsa ta tsaya. Ya tona wajensa da hannu, ƙasa busasshiya tana zuba ta tsakanin yatsunsa har wuyan hannu. Ya juya ya ɗaga harawar ya tona, ya dunƙula ƙasar a tafinsa, ta dunƙulu. Ya tuge mataccen tsiro ɗaya daga wajen garma. Saiwar ta sauka kamar tsawon yatsa, ta iske inda bakin garma ya daɓe ƙasa, ta lanƙwashe ta bi gefe. Ya kai hannu zai tuge ɗaya daga cikin nawa, na ce, "Yaya, guda ɗaya tak." Sai da ya sa ƙarfi. Saiwar ta bi ramin gara ta yi ƙasa, doguwa, da ƴan gudaji a jikinta. Ya jera su biyu a tafin hannu yana kallo. Ya ajiye su ya karkaɗe riga ya ce rana ta yi, ya tafi gandu.

Sai da aka kwana ashirin da huɗu sannan ruwa ya dawo. Ina gona ya same ni, ban gudu ba, na tsaya ya jiƙa ni sharkaf, ƙamshin ƙasa ya cika mini hanci. Abin da ya mutu ya mutu. Na cikin harawa da layuka taran nan suka miƙe kamar ba su ne suka sha wuya ba, cikin kwanaki suka rufe ƙasa, suka yi ɗan fure mai ruwan shuni a ƙarƙashin ganye, in ba ka duƙa ba ba ka ganinsa. Wurin da ya mutu kuwa ban bar shi tsirara ba. Ragowar waken gida da na ɓoye don miya na kwaso na shuka a wurin, mai yaɗon nan. Wata maƙwabciya ta ce mini, "Ke da ba ki san ko za ki ga baɗi a garin nan ba, wa kike shuka wa?" Na ce in na tafi ƙasar dai ta samu mayafi. Amma a raina ba tafiya nake shiri ba.

Da kaka ta matso ganyen waken suya ya yi rawaya gaba ɗaya ya zube, ya bar sanduna tsaye cike da kwasfa. Nan da nan magana ta zaga gari cewa waken Habsu ya ƙone. Ba su san haka yake nuna ba, sun saba da waken gida da ake tsinka yana kore. Ni ma da ba a gaya mini ba da na zauna na yi kuka. Wata azahar na ji kwasfa tana fashewa ɗaya-ɗaya, ƙwaya tana tsalle, na san ba sauran jira. Kwana huɗu ina fita da sassafe tun da raɓa, ina yanka da lauje ina tarawa a kan tabarmi, in rana ta yi in buge da sanda in sheƙe. Buhu biyu da rabi na ɗinke. Kusan biyu daga cikin harawa suka fito, ɗan kashi ɗayan nan da na zauna a kansa. Layukan darni suka ba da ragowar.

Maganar ƙonewar waken ashe ta kai Mayahi. Kwana biyu da gama sheƙa, da hantsi, sai ga wana Sale a ƙofar gida da amalanken jaki, babanmu ya aiko shi ya kwaso ni da kayana. Matar Yaya Isuhu, da ta ga amalanke, sai ta lallaɓa ta kwashe ɗiyana da tabarmarsu da kwanonsu ta kai ɗakinta, wai don kada su ga fitata su yi kuka. Ina tsaye ina kallo aka wuce da su. Na ja buhunan nan ɗaya bayan ɗaya har zaure, na jingine su gaban Yaya Isuhu da Sale.

Yaya Isuhu ya kwance bakin ɗaya, ya ɗebo, ya zuba yana kallo. "Wanga ai ba tuwo ba ne," in ji shi.

"Ba tuwo ba ne. Amma tiya ɗaya in na yi awara tana kawo hatsin da za mu kwana biyu muna ci, dusar kuma ta awaki. In na yi tsimin abina zai kai mu wata damina."

"In ba a yi ciwo ba. In ba a yi baƙi ba."

"Yaya, kashi ɗaya ne ya ba da wannan. Sauran biyun kai ka san abin da ya same su."

Tun ranar gayya ban sake ɗaga masa maganar ba sai ran nan. Sale ya zaro ido, don a gidanmu ba a yi wa babba haka. Ya ce, "Habsu, ki iya bakinki." Na ce na iya shi wata biyar, ya isa. Yaya Isuhu ya mayar da waken cikin buhu, ya tsince ƙwaya biyu da suka faɗi ƙasa ya jefa, ya ɗaure bakin da kansa, ya daɗe yana ɗaurin.

Sannan ya juya wajen Sale. "Ka sha ruwa, ka ba jakinka. In ka koma ka gaida Baba. Ka ce mishi waken da ta shuka inda na kifa ya yi yaɗo, kuma an ce ba a naɗewa, ba a ƙonawa. Ni ban iya wanga noma ba. Sai mai shi ta zauna ta yi tsaron abinta."

Sale ya dube shi ya dube ni, ya ce, "To, kayan fa?"

"Wane kaya? Ka ga an ɗaure kaya?"

Ban tsaya godiya ba, na san in na buɗe baki kuka zai fito, kuma ba zan yi shi a gabansu ba. Na bar su nan na shiga cikin gida, na yi sallama a ƙofar ɗakin matarsa. Ɗiyana suna zaune a ƙuryar ɗaki, an ba su gyaɗa, ba wadda ta ci. Na naɗe tabarmarsu na saɓa, na ɗauki ƙaramar a kafaɗa. Babbar ta tashi ta ɗauko kwanonsu da kanta, ta kama gefen zanena, muka ratsa tsakar gida muka koma ɗakinmu.